Kada tsada ta hana ɗan talaka tuƙa jirgi

A Jamus, ɗan shekara 14 na iya tashi shi kaɗai da jirgin sama mara inji. Ƙungiyoyin matuƙa a can kan fara sayen jirgin koyo mai kujera biyu, irin ASK 21, kafin su waiwayi na gasa mai tsada. Da igiya ake jan jirgin sama, ba ya shan mai.

A nan gida kuwa, karatu a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, da aka kafa a 1964, sai mai miliyoyi. Ina yaron Soron Ɗinki zai samo su?

Muna kira ga kwalejin da gwamnonin Arewa su kafa ƙungiyar jirage marasa inji, su fara da na koyo. Da rarrafe yaro kan tashi.