Daga Bakin Allo: Ina "Ƙ" Ta Shiga?

Iyaye a nan Garwa sun sha kawo mana kuka cewa yaransu ba sa iya faɗin "ƙafa", sai "kafa". Wasu na cewa haka aka halicci harshensu. Gaskiya ne jarirai ko'ina da "mama" da "baba" suke farawa, amma a aji mun lura yaran nan ba sa tuntuɓe a ɓ da ɗ, domin Filatancin da suke ji a kasuwa yana da su. Ƙ kuwa babu ita a Filatanci, babu a Faransanci. Ashe sabon kunne ne.

Ita Hausar ma ta sauya. Basakkwace na cewa "zamna" da "sabka", Bakano kuwa "zauna" da "sauka". Masani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana wannan tun 1928: baƙin da ke rufe gaɓa ne ya yi laushi da tafiyar zamani.

Saboda haka kada mu tsangwami yaro. A riƙa yi masa tatsuniya da dare, ya ji ƙ daga bakin kakarsa, kada gobe ya kasa bambanta "ƙasa" da "kasa". Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.