Gwajin Manhaja: A Daina Sa Hannu Ido Rufe

Ranar 4 ga Fabrairu, 2023, hukumar INEC ta gwada na'urar BVAS a rumfunan zaɓe 436. Makonni uku bayan haka, sakamakon 'yan majalisar tarayya ya riƙa hawa shafin IReV, na shugaban ƙasa kuwa ya cije. Rahoton hukumar ya ɗora laifin a kan tsarin manhajar: an gina ta tana jera kowane sakamako a ƙarƙashin jiha, alhali mazaɓar shugaban ƙasa ita ce Najeriya baki ɗaya. Zaɓukan gwamnonin Ekiti da Osun na 2022 ba za su taɓa tona wannan ɓaraka ba, domin kowannensu jiha guda ce.

A Abuja ana kiran wannan tangarɗar na'ura. Amma ka kwatanta ɗan bautar ƙasa a rumfar zaɓe a Madakiya, kusa da Kafanchan, yana latsa na'ura ta ƙi, wakilan jam'iyyu sun zuba masa ido. A Kudancin Kaduna zargi ba abin wasa ba ne, kuma babu mai saurarensa idan ya ce laifin yana can sama.

Irin wannan saɓani yakan fara ne tun daga wurin da manyan jami'ai ba sa leƙawa. Masu rubuta manhaja suna adana aikinsu a rumbun Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, daga nan ake kwafo shi domin gwaji, daga nan kuma ake kwafo shi domin aiki. Sai dai kwafi suna ya tara. Akwai cikakke mai ɗauke da tarihin duk gyare-gyare, akwai na sama-sama mai ɗauko gyaran ƙarshe kaɗai, wanda shi GitHub Actions ke yi idan ba a umarce shi da wani abu ba. Abin da ya fi ba ni mamaki: idan mai gwaji ya nemi kwafin sama-sama daga jakar da ke cikin kwamfutarsa, Git yakan yi watsi da umarnin ya ba shi cikakke, sai fa in ya fara adireshin da file://. Gargaɗin layi ɗaya ne tak, wa ke karanta shi? Gwaji ya yi kyau, ranar aiki manhaja ta nemi tarihin da babu shi.

Ba sai darakta ya iya rubuta manhaja ba kafin ya tare wannan. Idan ɗan kwangila ya kawo takardar kammala aiki, mataimakin da ke shirya fayil ya nemi amsa a rubuce: wane gyara aka gwada, shi ne kuma aka ɗora? Ta hanya ɗaya aka kwafo su? An gwada a kan layin waya irin na ƙauye, ko a intanet ɗin ofis kawai? In amsar ba ta zo ba, fayil ɗin ya kwana a tebur.