Baƙin Dagona da Ruwan da Ke Ciyar da Su

Akwai masu kuɗi a duniya da ke biyan jirgin sama har ƙasar Indiya don kawai su hangi damisar can mai zane a dazuzzukan da gwamnatinsu ta fara keɓe mata tun 1973. Mu ba mu da irin wannan damisa. Amma fa kada mai karatu ya zaci Arewa ba ta da abin da za a yi tattaki a gani, gama tsakanin Nguru da Gashuwa akwai fadamar da Turawa suka daɗe da sanin darajarta, alhali kuwa da yawa daga cikinmu ko sunanta ba su taɓa ji ba.

A nan ne kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa cikin yashi kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe. Idan damina ta ja baya, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai agwagin daji da wasu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa su taso daga ƙasashen Turai, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a tafkin Dagona na ƙasar Bade. Nan za su tarar da 'yan gida, wato dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela, a zauna tare har wajen watan Maris. Tsuntsun da bai fi cikin tafin hannu biyu ba, ya yi tafiyar dubban mil ba guzuri! Ikon Allah ke nan.

Manya sun zo sun gani. Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona a 1989. A 1991 aka sa wurin cikin Gandun Dajin Tafkin Cadi na Gwamnatin Tarayya, a shekarar 2000 kuma tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka rubuta cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya.

To, takarda dai an sa mata hannu, amma tsuntsu ruwa yake bi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar kowace shekara ta ragu, kuma yanayin zuwanta ya sake. A da ruwa kan zo da ƙarfi, ya share hanya, sa'an nan ya janye ƙasa ta bushe. Da aka koma sakinsa kaɗan-kaɗan rani da damina, sai ciyawar nan kacala ta sami abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, har ya zamana wani gefen na kuka da ambaliya, wani na kuka da ƙishi. Masunci ba ya iya tura kwalekwale, mai shinkafa ya rasa gona, kuma cikin duhun kacalar ne jan baki ke kwana, da safe ya fito ya auka wa hatsi.

Ni a ganina kuskure ne a riƙa maganar Dagona kamar wani lambun shaƙatawar Turawa. Ruwan da ke kiran agwagwa daga Turai shi ne ke ba Babade kifi, shi ke ba Bafillace makiyaya da rani. Saboda haka ya kamata hukumomin da ke riƙe da makullan madatsun nan su riƙa sakin ruwa bisa lissafi, su kuma tuna da mutanen Yobe kafin a sake ɗauko zancen madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are.

Wanda ke da niyyar zuwa, ya nufi watan Disamba zuwa Fabrairu. Ya kwana a Gashuwa, ya nemi izinin ma'aikatan gandun, ya yi sammako da rigar sanyi. Bindiga da danƙo kuwa a bar su a gida.