Ki Shuka Lalle a Tsakar Gidanki

 Yau a filin namu zancen shuka za mu yi.

In mace ta sami ɗan fili a gidanta, sau da yawa sai ki ga ta tafi neman furannin ƙasashen waje. Ba laifi ba ne. Amma ni ra'ayina shi ne a fara da namu na gida, wato lalle. Ya san ƙasarmu, ya saba da ranarmu, ba ya tsoron rani. Furensa ƙanana ne, farare, a cure, kuma da yamma ƙamshinsu kan cika gida. Mata nawa ne suke ƙunshi kowace Salla, amma ba su taɓa shaƙar furen lalle ba?

Ga wani dalilin da ya fi ƙamshi nauyi. Yanzu 'yan mata da yawa sun koma ga baƙin dayis don yana kamawa da wuri. Akasarin irin wannan yana ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, wanda don rinin gashi aka yi shi, ba don fata ba. Yakan jawo ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa, har ya bar tabo. Wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, to, ya ƙi shi ke nan har abada. Lalle na gaskiya ja yake bayarwa, ko ja mai duhu, kuma sai an yi haƙuri an bar shi ya daɗe a hannu. Wanda kika tsinka a gidanki kika daka da hannunki, kin san abin da ke cikinsa.

Shukarsa ba wuya. Da farkon damina, wajen watan Yuni, ki roƙi reshe mai ƙwari a wurin maƙwabciya, tsawon kamu ɗaya, ki kafa rabinsa a ƙasa mai jiƙa. In iri za ki shuka, ki jiƙa shi kwana 3 zuwa 7 kina sake ruwan kullum, domin ɓawonsa da tauri. Ki zaɓi wurin da rana ke samu sosai, inda ruwa ba ya kwanciya. Ki sa ɗan taki, ki kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Shekarar farko ki riƙa ba shi ruwa da rani. In ya kafu, ɗan kaɗan ya ishe shi.

In an ƙyale shi yakan wuce tsawon mutum sau biyu, tsofaffin rassansa su yi ƙaya. Saboda haka ki riƙa sassabe shi, sabon toho ya fi ba da launi. Amma ki bar wasu rassa su yi fure. Ganyen kuwa a inuwa za ki shanya, ba a rana ba.

Ku 'yan makaranta, ku nemi izinin malamarku ku kafa reshe ɗaya a lambun makaranta. Ke kuma uwargida, ran da za a sa 'yarki a lalle, ina daɗin a ce daga tsakar gidanki aka tsinko?

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.