Ra'ayinmu: Agogo Don Lokaci Ko Don Ado?

Duk wanda ya ratsa shagunan Sabon Gari a Gusau kwanakin nan, zai ga wani sabon yayi ya kama matasanmu, wato ɗaura agogo mai ƙwaƙwalwa, wanda ake haɗawa da wayar hannu. Tun da kamfanin Apple ya fito da nasa a shekarar 2015, kwaikwayonsa masu araha suka cika kasuwa. Ya wajaba mu tambayi kanmu ko ya cancanci kuɗin ɗalibi.

Ba mu musun amfaninsa. Yana ƙirga bugun zuciya da yawan takun mutum, yana kuma nuna saƙon da ya shigo waya. To, amma mu dubi halin da muke ciki. Shi agogon Apple na farko, cajinsa na kamar awa 18 ne, alhali Casio F-91W da aka fara sayarwa a 1989, batirinsa guda yakan kai shekara 7. Malamin da aka tura wani ƙauye a ƙasar Tsafe ko Bunguɗu, inda wutar lantarki sai an ga dama, wanne zai kai shi aji a kan kari? Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan. Saƙo ya daina shigowa, amma agogon iyayenmu bai fasa bugawa ba.

Sai batun aljihu. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024 Naira 70,000 ne, kuma kuɗin guzurin da asusun NELFUND ya fara ba ɗalibi rance a shekarar Naira 20,000 ne a wata. Bashi ne, za a biya. Tsohon agogo in ya tsaya, mai gyara a bakin kasuwa zai farfaɗo da shi. Na yayi kuwa in gilashinsa ya fashe, galibi sai bola.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne lafiya. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi kashedi game da agogunan da ake cewa suna auna sukarin jini ba tare da huda fata ba. Kada ɗayanmu ya saya wa mahaifinsa mai ciwon sukari irin wannan, ya sa shi barin zuwa asibiti.

Saboda haka shawararmu ga 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata ita ce, daidai ruwa daidai tsaki. Mai hali da tabbatacciyar bukata ya sayi na ƙwarai. Saura mu riƙe mai batir, rarar kuɗin ta tafi ga littattafai. Wanda ya makara lacca, tsadar agogonsa ba za ta buɗe masa ƙofa ba.