Haraji: Talaka Na Son Gani a Ƙasa

A 1979, da jam'iyyar PRP ta karɓi mulki a jihohi biyu, gwamnoninta Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna ƙwarai, domin a wurinsu haraji shi ne dogari a ƙofar gida, da sayar da akuya ko hatsin ci don kauce wa wulaƙanci. Har yau tabon bai gama warkewa ba.

Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun yafe wa mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara, kuma VAT ya tsaya a kashi 7.5 cikin ɗari. A takarda dai sauƙi ne.

To amma a dubi ɗan kasuwar Kantin Kwari. Ruwa daga ɗan garuwa yake saya, shi ke zuba wa janareta mai, shi ke biyan 'yan sintirin unguwa da makarantar kuɗi, sannan masu yankan rasit su yi masa layi. Wannan mutumin da ake cewa ba ya son biyan haraji, shi ne ke fitar da zakka da kansa, ya kuma ba da gudummawar ginin masallaci babu wanda ya tilasta masa, don yana ganin bulo na hawa kan bulo.

Don haka muna kira ga gwamnonin Arewa su riƙa bayyana abin da aka tara a kowace kasuwa duk wata, da aikin da aka yi mata da shi, su kuma kawar da masu tare hanya da igiya suna karɓar kuɗi.