Kwamfuta da Ɗalibi: Sunan Shafinku Yana Hannun Wa?

Wani ɗan uwana da ke sana'ar busasshen kifi a Haɗeja ya zo mini da ƙorafi. Bara ya ba wani yaro kuɗi ya buɗe masa shafin intanet domin masu saye daga Kano da Legas. Bana yaron ya bar gari, wayarsa ba ta shiga, kuɗin shekara ya ƙare, shafi ya rufe. Da muka bincika sai muka tarar da sunan yaron da imel ɗinsa aka yi rajistar. A takarda, mai kifi ba shi da komai.

Sunan shafi haya ce ta shekara-shekara. Sunayen da suka ƙare da .ng hukumar NiRA ce ke kula da su, wadda aka kafa a 2005. A ƙarƙashinta akwai kamfanonin rajista da ta amince da su, a ƙarƙashinsu kuma akwai dillalai masu sarowa su sayar. Yawancinmu da dillalin muke hulɗa. Dillanci ba laifi ba ne, amma wane manomi ne zai sayi gona a fadama ya bar dillali ya rubuta sunansa a takardar?

Sai maganar kulle. Kamfanin rajista na iya sa wa suna kulle, ta yadda babu mai ɗauke shi zuwa wani kamfani sai an buɗe. Akwai kuma wata lambar sirri da ake bayarwa lokacin ƙaura. Wanda ke riƙe da asusun da imel ɗin, shi ke iya buɗe kullen ya karɓi lambar. Wato kwaɗon ƙofarka na da kyau, amma makullin na aljihun wani. Na sha jin dillali ya ce "na kulle maka", mai shafi ya yi godiya ya tafi, bai tambayi wa zai buɗe ba.

Kada ku ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ke ci. A watan Agusta na 2013, shafin jaridar New York Times ta Amurka ya ɓace wa masu karatu na sa'o'i. Masu kutse ba su fasa kwamfutocin jaridar ba. Wani dillalin kamfanin rajista na Melbourne IT suka yaudara da saƙon imel, suka samu kalmar sirrinsa, suka karkatar da sunan. Bayan haka ne aka yi ta kira ga manyan kamfanoni su sa kulle na biyu, wanda ake sawa a babbar rajistar kanta, dillali ba ya iya taɓa shi.

Ku da kuka iya kwamfuta, ku ne za a kira idan shagon Baba ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai na son shafi. Ku sa sunan mai abin da imel ɗinsa, ku tabbata shi ke da kalmar sirri, ku rubuta ranar ƙarewar haya a inda ba za a manta ba.

Aikin mako: idan makarantarku na da shafi (.sch.ng na makarantu ne), ku bincika sunan a WHOIS. In kun ga "clientTransferProhibited", kulle na nan. Sannan ku tambayi malamin kwamfuta da ladabi: Malam, imel ɗin wa aka yi rajistar da shi?